Tafarnuwa da kanumfari ko ƙwayar kemis: me za a ba yaro da rago idan tsutsar ciki ta kama su?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na leƙa gidan gwaggona a Mabera, na iske ta da turmi a gaba tana kirɓa tafarnuwa da kanumfari da citta. Ƙamshi ya cika tsakar gida har na zaci wata ce ta haihu ake haɗa yajin jego. Ashe jikanta ne ɗan shekara 5 ya yi kashi da tsutsa doguwa kamar igiyar takalmi, ga kuma ragon da take kiwo don layya ya rame, ƙasan haɓarsa ya kumbura. Haɗi ɗaya za ta yi musu su biyu, yaro a kunu, rago a ruwan dusa. Da na yi magana sai ta ce, "Ɗana, ai ba ni kaɗai ba ce. An karanta mini a waya, masana sun gwada sun ga tafarnuwa na kashe tsutsa."

Ba ƙarya aka karanta mata ba. An gwada, kuma ana kan gwadawa, a jami'o'in Najeriya da Indiya da Masar da Turai. Sai dai tsakanin abin da aka gwada da abin da Gwaggo ke shirin yi akwai tafiya mai nisa, kuma duk mai son ya zaɓa tsakanin kayan yaji da maganin asibiti ya kamata ya san inda tazarar take.

Wace tsutsa tukuna?

Mu Hausawa mun tara su duka a suna ɗaya, tsutsar ciki, alhali kowace da hanyarta da maganinta. Wadda ta fito daga jikan Gwaggo ita ce macijin ciki, wadda likitoci ke kira askaris. Takan kai tsawon santimita 35, kuma macen na zuba ƙwai kusan 200,000 a rana guda. Ƙwan na fita da bayan gida, ya zauna a ƙasa, ya koma bakin wani yaro ta hannu ko ta ganyen da ba a wanke ba. Akwai mai ƙugiya, ƙarama ce, ta fatar ƙafa take shiga idan ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, ta maƙale a jikin hanji tana tsotsar jini har mutum ya ɗashe. Akwai mai kama da bulala da ke zama a babban hanji. Akwai 'yan farare ƙanana masu sa yaro susar dubura da dare. Akwai tsila, mai faɗi kamar ƙyalle, wadda ake samu daga naman shanun da bai dahu ba, tsire ko balangun da aka sauke da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, wato ukun farkon nan.

Sai kuma tsargiya, wadda mutanenmu da yawa ba sa ma lissafa ta cikin tsutsotsi. Ita ba a cikin hanji take ba. A jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara take zaune, ƙwanta ne ke huda bangon mafitsarar, shi ya sa yaro ke ganin jini a ƙarshen fitsari. Dodon koɗi ne ke renon ta a ruwa. Duk wanda ya tashi a bakin gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno zuwa Kwalkwalawa da Wamakko, ya san yaran da ke wanka da su a ruwan nan da kuma abin da ke biyo baya. A wasu ƙauyukan har ana ɗaukar jinin a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji, abin da ba haka yake ba ko kaɗan.

Na fara da wannan ne saboda tambayar "shin citta na maganin tsutsa" ba ta da amsa sai an ce wace tsutsa, kuma a wane lungu na jiki take.

Yadda ake gwajin

A ɗakin gwaje-gwaje ba a dakan yaji a zuba a kunu. Ana busar da shi a niƙa, a jiƙa garin a ruwa ko, galibi, a sinadarin barasa irin su etanol da metanol, domin su ne ke jawo man da ke ciki. Sai a tace, a ƙafar da ruwan, a bar wani ɗanƙo mai kauri. Wannan ɗanƙon ake aunawa a narkar a farantin gilashi, a jefa tsutsa ciki, a riƙe agogo: minti nawa ta daina motsi, minti nawa ta mutu. A gefe ana ajiye faranti mai maganin asibiti da wani mai ruwan gishiri kawai don a kwatanta.

Abu na farko da ba a faɗa wa Gwaggo ba shi ne cewa gwaje-gwaje masu yawa irin waɗannan ba da tsutsar ciki ake yin su ba. Da tana ake yi, tanar nan ta damina da yara ke haƙowa su sa a ƙugiyar kamun kifi, saboda tana da sauƙin samu kuma ana ganin motsinta da ido. Ita kuwa tanar, ta fatarta take numfashi, fatar kuma laushi gare ta, ko gishiri ka barbaɗa mata sai ta murɗe ta mutu. Macijin ciki kuwa halitta ce da aka yi wa sulke, tana rayuwa tsakiyar ruwan da ke narkar da nama da ƙashin kifi ba abin da ya same ta. Gwajin da ya fi wannan daraja shi ne wanda ake yi da ƙwai ko 'ya'yan tsutsar gaske, waɗanda ake samowa daga kashin tumaki ko daga tumbin dabbar da aka yanka a kwata, a ga ko yajin zai hana ƙwan ƙyanƙyashewa.

Abu na biyu shi ne ƙarfin haɗin. Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce a faranti an sa miligiram 50 na ɗanƙon a kowane mililita ɗaya na ruwa. Idan kana son irin wannan ƙarfin a lita ɗaya na abin da ke cikin hanji, kana bukatar giram 50 na ɗanƙon. A ce kuma kashi ɗaya cikin 10 na nauyin yajin ne ke zama ɗanƙo, ka ga rabin kilo ke nan na busasshen yaji. Wane yaro ne zai ci rabin kilon kanumfari ya kwana lafiya? Maganin asibitin da ake kwatanta shi da shi kuwa ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 400.

Na uku, ciki ba faranti ba ne. A faranti tsutsa na kwance cikin maganin awa da awanni ba inda za ta. A ciki kuwa yajin na gauraya da tuwo da miya, ruwan tumbi ya canza shi, jini ya tsotse wani kaso tun kafin ya kai inda tsutsar take, hanta ta farfasa saura. Akwai misali mai kyau daga Jami'ar Kopenhegen ta ƙasar Denmak. A shekarar 2015 masu bincike a can suka wallafa gwajin da suka yi da kirfa. Sinadarin da ke ba kirfa ƙamshinta ya kashe 'ya'yan macijin ciki na aladu a faranti cikin 'yan awanni. Da suka ba aladun da kansu sai tsutsar ba ta ragu yadda za a ce an yi magani ba, suka danganta hakan da cewa jiki na tsotse sinadarin ko ya sarrafa shi tun kafin ya isa hanji. Rabin farko na irin wannan labari shi ke yawo a waya. Rabi na biyun ba ya samun mai turawa.

Kayan yajin ɗaya bayan ɗaya

Tafarnuwa ita ce sarauniyar maganar, balle a nan Sakkwato da muke noma ta a fadamunmu muna loda wa motoci zuwa kudu. Ƙarfinta na cikin wani sinadari mai suna alisin, wanda ba ya samuwa sai an daka ko an tauna ta ɗanya. Ba ya daɗewa, kuma wuta na kashe shi, don haka tafarnuwar da ta dahu a miya ta bar miki ɗanɗano ne kawai. A faranti tana aiki a kan tsutsotsi da ƙwayoyin cuta iri-iri. A jikin dabba kuwa labarin ya sha bamban: an ɗura wa awaki ruwan tafarnuwa a Amurka aka ƙirga ƙwan tsutsa a kashinsu, ba a ga raguwar kirki ba. Ga kuma abin da masu kiwo ya kamata su riƙe: tafarnuwa da albasa idan suka yi yawa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin dabba. Ragon da tsutsa ta riga ta shanye wa jini, a zo kuma a yi ta ɗura masa tafarnuwa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kanumfari ya fi duk sauran ƙarfi, kuma shi na fi tsoro. Mafi yawan man da ke cikinsa wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ne ke sa dasashi ya mutu idan an danna kanumfari a haƙori mai ciwo, har likitocin haƙori na amfani da shi. Masu kiwon kifi na sumar da kifi da shi. Abin da zai sumar da kifi ba mamaki ya sandarar da tsutsa a faranti. Amma man kanumfari da ake sayarwa a 'yan kwalabe ba abin wasa ba ne. Likitoci sun rubuta labaran yara ƙanana da suka sha abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu na shayi ba, hantarsu ta lalace, wasu suka suma. Ƙwaya biyu ko uku a shayi ko a kunu ba komai. Man a bakin yaro kuwa, a'a.

Citta mai yatsu tana da nata sinadaran masu zafi, kuma an ga suna raunana tsutsotsi a faranti da jikin ɓeraye. Inda na yarda da ita ɗari bisa ɗari shi ne tashin zuciya da kumburin ciki, a nan ta yi suna kuma gwaji a kan mutane ya mara mata baya. Gangamau, wanda wasu ke kira kurkum, matsalarsa ita ce jiki ba ya tsotsar sinadarinsa sosai, ga shi ba ya narkewa a ruwa. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya duk an jiƙa su an gwada, duk sun nuna wani abu a faranti. Game da dangin masoro akwai abin lura: sinadarin da ke ba su zafi yana sa jiki ya ƙara tsotsar wasu magunguna, don haka mai shan maganin farfaɗiya ko wani magani na kullum kada ya mai da garin masoro abin sha da cokali. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatanmu saboda hadisin da ya zo a kanta, ba kuma mai ja da wannan. Sai dai hadisin bai hana a nemi likita ba, kuma bai ce cokali kaza ga yaro mai kilo kaza ba.

Abin mamaki, wanda ya fi samun shaida a jikin mutane ba yaji ba ne, 'ya'yan gwanda ne. A shekarar 2007 wasu likitoci a kudu maso yammacin Najeriya suka wallafa gwajin da suka yi da yara 60. Rabinsu aka ba su busassun 'ya'yan gwanda da aka niƙa cikin zuma, rabi zuma zalla. Bayan mako guda, yara 23 cikin 30 na rukunin farko ba a ga komai a bayan gidansu ba, a ɗaya rukunin kuwa 5 ne kawai cikin 30. Sakamako ne mai faranta rai, kuma irin gwajin da ya kamata a yi wa tafarnuwa da citta ke nan. Amma su kansu masu binciken gwajin share fage suka kira shi. Yara 60 ba su isa a kafa dokar magani a kansu ba.

Kada wani ya ɗauka ina raina tsirrai. Tarihin maganin tsutsa cike yake da su. A shekarar 1909, lokacin da aka kafa hukumar Rokafela don yaƙi da tsutsa mai ƙugiya a kudancin Amurka, maganin da suka riƙa rabawa shi ne taimol, sinadarin da ke cikin tayim, ganyen nan da mata ke zubawa a dafa-duka tare da kori. Yana aiki. Amma sai an bi shi da gishirin wanke ciki, an kuma hana mutum giya da maiƙo, domin idan jiki ya tsotse shi yana iya kisa, kuma ya kashe wasu. Da aka samu wanda ya fi shi sauƙi sai aka ajiye shi. A Masar kuma, a farkon shekarun 2000, an fito da wani magani mai suna Mirazid daga ƙaron wata bishiya 'yar'uwar dashi, aka tallata shi a kan tsargiya. Da wasu masu binciken daban suka sake gwadawa a kan mutane sai aka ga waɗanda ya warkar kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da maganin da aka saba. A ɗaya gefen, maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yau daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka ciro shi, har Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Ta raba kyautar ne da William Campbell da Satoshi Omura, waɗanda aikinsu ya haifar da maganin tsutsa mai suna aibamektin daga wata ƙwayar halitta da aka samo a cikin ƙasa a Japan. Ka ga ashe shi ma maganin kemis ɗin daga ƙasa da ciyawa ya faro. Bambancin shi ne an tace shi, an auna, an san nawa ke kashe tsutsa, an kuma san nawa ke kashe mai tsutsar.

Abin da ƙwayar asibiti ke yi, da inda take gazawa

Albendazol da mebendazol su ne ake rabawa a makarantu da lokacin makon lafiyar mata da yara. Ba sa ƙona tsutsa. Suna toshe mata hanyar shan sukari ne, sai yunwa ta kashe ta cikin 'yan kwanaki, ta fita da bayan gida, sau da yawa ma ba a ganinta. Wannan na sa iyaye su ce maganin bai yi ba tunda ba su ga komai ba, alhali jiƙon da ya sa yaro zawo har tsutsa ɗaya ta fito a raye shi ake yabo. Zawo na iya koro ɗaya ya bar ashirin.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a bayyane yake: albendazol miligiram 400 ko mebendazol miligiram 500, sau ɗaya. Yaro daga wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol, a murƙushe masa a ruwa don kada ta shaƙe shi. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi sai da likita. Mai ciki ba ta sha a wata ukun farko. A yankin da yara 20 cikin 100 ko fiye ke da tsutsar, ana ba kowa sau ɗaya a shekara, idan sun wuce 50 cikin 100 kuma sau biyu.

Ba cikakke ba ne, kuma gara a faɗa. Ƙwaya ɗaya ta albendazol na warkar da sama da 90 cikin 100 na masu macijin ciki, kusan 80 na masu mai ƙugiya, amma a kan mai kama da bulala da ƙyar take kai 30. Wannan sai an yi kwana uku ana sha, ko likita ya haɗa da wani maganin. Mebendazol kuma a sha ɗaya ba ya kai albendazol ƙarfi a kan mai ƙugiya. 'Yan farare masu sa susa sai an maimaita bayan mako biyu, a ba duk yaran ɗakin, a wanke zannuwan kwanciya a yanke farce. Ga kuma jabun magani da wanda rana ta gama gasawa a tiren 'yan talla. Zafin Sakkwato a watan Afrilu ba ya raga wa ƙwaya. A saya a kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace.

Tsargiya da tsila kuwa nasu daban ne, furazikwantel. Ga tsargiya ana ba da miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum, shi ya sa a makarantu ake tsayar da yara jikin sandar awo a ga tsawonsu kafin a ƙirga musu ƙwaya, kuma sai an ci abinci ake sha don yana sa jiri da murɗar ciki. A nan babu ma abin kwatantawa. Tsutsar da ke kwance cikin jijiyar jini ba ta san an daka yaji ba. Wanda ya tsaya jiƙe-jiƙe shekara da shekaru yana fitsarin jini, ƙwan na nan na taruwa a bangon mafitsara, ƙarshenta ya taɓa ƙoda, wani lokacin ma ya kai ga sankarar mafitsara.

Ɓangaren rago da akuya

A nan ne maganar tsirrai ta fi nauyi, kuma a nan na fi jinkirin yanke hukunci. Babbar abokiyar gabar tumaki da awakinmu wata siririyar tsutsa ce mai shan jini da ke zama a tumbi na huɗu. Da damina ta sauka take yawaita. Alamarta ita ce wadda na gani a ragon Gwaggo: kumburin ƙasan haɓa, kasala, kuma idan ka ja fatar ido ƙasa sai ka ga cikin ya yi fari maimakon ja. Dabbar da ke kiwo a fadama kuma tana iya ɗaukar tsutsar hanta, wadda mahauta ke gani a kwata idan sun tsaga hanta suka iske ta yi tauri da fararen hanyoyi.

Matsalar ita ce tsutsotsin dabbobi sun fara gagarar magani a ƙasashe da yawa, kuma mu da hannunmu muke koya musu. Mai kiwo zai sayi ƙwaya ɗaya a kara ya raba wa tumaki uku. Wani zai kimanta nauyin rago da ido ya ba shi rabin abin da ya kamata. Wani kuma duk wata sai ya ɗura wa garke gaba ɗaya, mai ciwo da mai lafiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na kashe raunanan tsutsotsi ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Akuya ma jikinta na saurin sarrafa magani fiye da tunkiya, don haka ma'aunin tunkiya sau da yawa ba ya isar ta. Saboda wannan gagara ne masana ke neman mafita a tsirrai da gaske.

Sai dai inda aka fi ganin haske ba a kwandon yaji ba ne, a tsirrai masu ɗaci da bauri ne, masu sinadarin da ake jeme fata da shi. Mu a Sakkwato ba baƙonmu ba ne, shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuyarmu da ita tun zamanin da fatake ke kai ta Arewacin Afirka. An ga cewa ciyayi masu wannan sinadari na rage yawan ƙwan tsutsa a kashin tumaki da awaki idan suna ci a kai a kai. An kuma gwada ɓawon maɗaci a kan tumaki a nan Najeriya aka ga ƙwai sun ragu. Ragewa ke nan, ba kawarwa ba. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke bi shi ne, idan aka ƙirga ƙwai kafin magani aka sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14, maganin kirki ya rage su da kashi 95 cikin 100. Idan kuma baurin ya yi yawa dabba na rage cin abinci, mai kiwon ƙiba kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan.

Don haka ga mai garke, ni a ganina, tsirran nan na da gurbi wajen rage nauyin tsutsa tsakanin magani da magani, tare da share turke, da ɗaga akurkin abinci daga ƙasa, da hana dabba kiwo da sassafe lokacin da raɓa ke kan ciyawa kuma 'ya'yan tsutsar sun hau ganye. Amma ragon da idonsa ya riga ya yi fari ya wuce nan. A kai shi wurin likitan dabbobi, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, a auna shi, a duba kashinsa, a zaɓa masa tsakanin albendazol da lebamisol da aibamektin. Tunkiya ko akuyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba ba a ba ta albendazol. Mai ragon layya kuma ya karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda dole a jira kafin yanka, domin kowane magani da nasa, na allura kan ɗauki makonni. Wanda ya yi wa rago allura ana saura kwana uku salla, iyalinsa ne za su ci ragowar maganin a soye.

Komawa tsakar gidan Gwaggo

Ko an sha ƙwaya ko an sha jiƙo, yaron da ya koma wasa a inda ake bahaya a fili zai sake ɗauka cikin 'yan watanni, domin ƙwan macijin ciki na iya shekaru a ƙasa mai laima bai mutu ba. Kurkunu da ya addabi kakanninmu ba da ƙwaya aka kore shi ba, don ba shi ma da magani. Tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyi ne suka yi aikin, har aka tabbatar wa Najeriya a 2013 cewa ta rabu da shi. Masai mai murfi, sabulu kafin cin abinci, silifas a ƙafa da wanke latas da kabeji da ruwa mai kyau sun fi kowane haɗi tsawon aiki.

Akwai kuma lokacin da ba a tsayawa zaɓe. Yaron da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana amai, ba ya kashi ba ya tusa, wataƙila tsutsotsin ne suka dunƙule suka toshe hanji. Wannan ba na kemis ba ne, ba na turmi ba, na asibiti ne a daren nan. Haka wanda tafin hannunsa ya yi fari fat yana haki.

Gwaggo dai ba ta zubar da dakanta ba, ni ma ban ce ta zubar ba. Na ce, "Gwaggo, ki ƙara masa barkono da gishiri ki ajiye mana na cin dambu." Ta yi dariya ta ce ashe da yunwa na zo. Jikan an kai shi asibitin unguwa washegari da ɗan bayan gidansa a kwalba, aka duba a madubin likita, aka ba shi ƙwaya ɗaya ya tauna, aka ce a kawo sauran yaran gidan su ma. Ragon kuwa sai da muka yi ciniki, domin ta ce kuɗin Keke Napep zuwa wurin likita da dawowa ya kusa sayen buhun dusa. Muka rabu a kan ni zan biya kuɗin keken, ita kuma ta ajiye mini ƙafar baya ranar salla.